Lambun Gida: Abin Da A Ke Shukawa Da Abin Da A Ke Dasawa

Duk mai cin albashi, akawu ne ko malamin makaranta, ya san ƙofar da kuɗinsa su ke bi su zurare. Hatsi a kan saye shi ran da aka yi albashi, a ajiye a huta. Cefane kuwa ba ya ajiyuwa. Kullum garin Allah ya waye sai an ba da na tumatir da albasa da attarugu da ɗan ganye, kuma idan wata ya yi nisa, miya ce ta kan fara nuna alama tun kafin maigida ya buɗe baki.

Masu karatu ba su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da wata tsutsa wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta faɗa wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. Ɓarnar ta kai har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir cikin watan Mayu na shekarar. Tumatir ya gagari talaka, ya gagari mai albashi. Amma gidan da ke da zogale a bayan ɗaki, da ɗan fangalin alayyafo da kuɓewa da yakuwa, bai rasa abin kaɗa miya ba. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kiran mutane su yi lambu a gida ba sabon abu ba ne. A 1976 Gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa shirin ciyar da ƙasa, aka roƙi kowa ya noma ɗan filin da ke bayan gidansa, makarantu ma aka sa su a ciki. Har yanzu mutane su kan ɗauki fartanya da ɗoki, su yi shekara guda, su watsar, su ce ƙasar gidansu ba ta da albarka, ko kuwa hannunsu ba ya karɓar shuka. Mun duba al'amarin, mun ga galibi laifin ba na ƙasa ba ne. Wuri biyu ne a ke yin kuskure. Na fari, rashin sanin abin da a ke shuka ƙwayarsa da abin da sai an dasa reshensa ko saiwarsa. Na biyu, sakaci da saiwa a ranar dashe. A kan waɗannan biyu za mu yi bayani.

Kashi Uku

Kayan lambu sun kasu kashi uku. Kashi na fari su ne waɗanda a ke shuka ƙwayarsu a wurin da za su zauna har a girbe su, ba su son a taɓa saiwarsu. Cikinsu akwai kuɓewa da kabewa da karas da yakuwa da rama da lalo da kankana. Karas dai saiwarsa ita ce abincin, in aka cire shi aka dasa sai ya yi 'ya'ya ya karkace, ya ƙi yin kai mai kyau.

Kashi na biyu su ne waɗanda a ke fara reno a ɗan fangali, watau kwami, sa'an nan a cire a dasa. Su ne tumatir da attarugu da tattasai da barkono da gauta da albasa da kabeji da latas. Ƙwayoyinsu ƙanana ne, tsironsu kuma ba shi da ƙarfi a makonnin farko, sabo da haka ya fi sauƙi a tara su wuri ɗaya a lura da su.

Kashi na uku su ne waɗanda ba a bi ta ƙwaya, ko don ba su da ita, ko don ƙwayar ba ta gadon halin uwa. Ayaba da rogo da dankali da rake da tafarnuwa da citta da shuwaka duk a nan su ke. Dabino da mangwaro da lemo suna da ƙwallo, amma mai son ya tabbatar da abin da zai ci ba ya dogara gare shi, kamar yadda za mu nuna a gaba.

Zaɓen Iri

Iri abu ne mai rai, yana kuwa tsufa ya mutu. Irin albasa shi ya fi saurin mutuwa, da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa a ƙasa mai zafi irin tamu. Irin tumatir, in an adana shi a wuri mai sanyi marar laima, ya kan kai shekara 3 ko 4. Ido ba ya rarrabe mai rai da matacce, don haka kada a shuka sai an gwada. A ƙirga ƙwaya 10, a naɗe cikin tsumma mai laima, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana 7 zuwa 10 a buɗe. In 8 ko 9 sun tsira, iri ne mai kyau. In 5 ne kaɗai, a ninka yawan abin da za a shuka. In bai kai haka ba, a zubar a nemi wani, gama asarar kuɗin iri ba ta kai asarar lokacin shuka ba.

Akwai kuma irin da a ke sayarwa cikin takarda ko gwangwani mai alamar F1. Wannan iri ne da masana suka haɗa daga iyaye biyu dabam dabam. Ya kan yi yabanya mai kyau ƙwarai, amma sau ɗaya ne. Wanda ya ɗebi ƙwaya daga 'ya'yansa ya shuka baɗi, zai ga gona ta fito barkatai, wani dogo wani gajere, wani mai 'ya'ya wani ba kome. Mai son ya riƙa ajiye irinsa da kansa sai ya nemi irin gargajiya, ko ingantaccen iri wanda ba F1 ba. Mutanen Galmi a ƙasar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, da na Aliero a Jihar Kebbi, ba su yi suna wajen albasa a banza ba, sun san darajar iri, sun san zaɓensa.

Ga yadda a ke ajiye iri. A zaɓi tushen da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya, a bar masa na farko su nuna sarai. Kuɓewa a bar ta ta bushe a jikin uwar. Tumatir a matse ƙwayoyin da ruwansu cikin kwano, a bari kwana 2 ko 3 su yi tsami, yauƙin ya rabu, a wanke, a shanya a inuwa. In sun bushe ƙayau a zuba a kwalba tare da busasshiyar toka, a toshe, a rubuta sunan irin da shekarar a jiki. Akawu ba ya bukatar a koya masa amfanin rubuta kwanan wata.

Kowane Da Lokacinsa

Tumatir da albasa da karas da kabeji da latas 'yan sanyi ne. Idan zafin rana ya haura digiri 35, furen tumatir ya kan kaɗe ba tare da ya ƙulla ɗa ba, latas kuma ya yi ɗaci ya miƙe ya yi fure. Shi ya sa manoman Kadawa da Kura, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga, su ke yin babban aikinsu na tumatir da hunturu. Mai lambun gida ya bi sawunsu: ya yafa iri cikin Satumba ko Oktoba, ya yi dashe cikin Oktoba ko Nuwamba, ya ci amfani kafin bazara ta kankama.

Kuɓewa da alayyafo da yakuwa da rama da kabewa su kuwa zafi su ke so, damina ce lokacinsu, ko da ya ke da ban ruwa su kan yi da bazara. Alayyafo shi ya fi kowa sauri, cikin mako 4 an fara tsinka. Ƙwayarsa ƙanana ce ainun, a gauraya ta da yashi kafin a yafa don kada ta taru wuri guda. Kuɓewa a jiƙa ta kwana ɗaya kafin a shuka, ta kan fara 'ya'ya wajen wata 2.

Renon Iri

Fangalin reno kada faɗinsa ya wuce ƙafa 3, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. A kafce shi, a marmashe ƙasar, a gauraya da ruɓaɓɓen taki. Mun ce ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin dabbobi ya kan ƙone saiwa, ya kuma gayyato gara. Manoma da yawa su kan tara kara bisa fangalin su ƙone kafin shuka, don zafin ya rage irin ciyawa da cututtukan da ke cikin ƙasa.

A ja layi da tsinke, tsakanin layi da layi kamar inci 4, a zuba irin jefi jefi. Kada a binne ƙwaya fiye da kaurinta sau 2 ko 3. Mutane da yawa su kan zargi mai sayar da iri, alhali kuwa su ne suka binne shi da zurfin da ba zai iya fitowa ba. A rufe da busasshiyar ciyawa, a yi ban ruwa da gwangwani mai ƙananan huji. Ran da aka ga tsiro ya ɓullo a ɗauke ciyawar, a kafa 'yar rumfa ta zana sama da shi. Cunkoso da yawan ruwa su ke kawo cutar nan da ke kama ɗan tsiro a gindi ya lanƙwashe ya faɗi, sabo da haka a rage inda ya yi yawa, kuma kada a bar fangali ya yi caɓi.

Tumatir ya isa dashe bayan mako 3 zuwa 4, attarugu da tattasai mako 5 zuwa 6, albasa mako 6 zuwa 8, lokacin da ta kusa kaurin fensir. Saura mako guda a yi dashe, a janye rumfar, a rage ruwa, don tsiron ya saba da wahala tun yana gidan uwarsa.

Ranar Dashe

Yanzu mun zo ga babbar magana. A kasuwanninmu a kan ga dashen albasa da tumatir da attarugu ɗauri ɗauri, saiwa tsirara ba ƙasa a jiki. Mutum ya saya da hantsi, ya ɗaure a bayan keke ko babur, ya biya ofis, ya tsaya gaisuwa, sai la'asar sakaliya ya iso gida. Ya dasa, bayan kwana 3 rabi sun mutu.

Dalili shi ne, manyan saiwoyin nan da ido ke gani ba su ne ainihin masu shan ruwa ba. A jikinsu akwai waɗansu ƙanana sirara kamar gashi, su ne bakin tsiro. Rana da iska su kan busar da su cikin 'yan mintoci, balle iskar hunturu. Ganye kuwa bai san an cire uwar ba, yana nan yana ta fitar da ruwa. Tsiron ya zama kamar tulu mai yoyo wanda aka toshe wa baki, abin da ke fita yana fita, ba mai shiga.

Maganin abin ba ya cin ko kwabo. Mai cire dashe daga fangalinsa ya shayar da shi sosai tun da safe, ya cire da yamma da ɗan cokali ko tsinke, ya bar ƙasa a jikin saiwar gwargwadon iko. Mai saye a kasuwa ya tafi da jiƙaƙƙen buhu ko tsumma, ya naɗe saiwar nan take, ya nufi gida. Ya duba kafin ya biya: saiwa mai lafiya fara ce mai laima, in ya ga ta yi ƙulli ƙulli kamar carbi, wannan alamar wata tsutsa ce ta cikin ƙasa wadda ido ba ya gani, kada ya kai ta gidansa ko da kyauta aka ba shi. In an isa gida a dama laka da ɗan tsohon kashin shanu, kaurin kunu, a tsoma saiwoyin a ciki, a ajiye a inuwa har rana ta yi sanyi.

A haƙa ramuka a zuba musu ruwa tun kafin a kwance ɗaurin. Tsakanin tumatir da tumatir a bar ƙafa 2, tsakanin albasa da albasa inci 4. A sa saiwa ta miƙe ƙasa, kada ta naɗe ta dubi sama. A danna ƙasa da yatsu a gindi don kada iska ta zauna a ciki, a sake ba da ruwa. Tumatir a kan nutsa shi har kusa da ganyen farko, domin karansa ya kan fid da sababbin saiwoyi. Albasa kuwa sama sama ta ke so, kuma a kan datse kashi ɗaya cikin uku na ganyenta don a rage mata asarar ruwa. A kafa wa tumatir da attarugu 'yar inuwa ta ganye kwana 3 ko 4. In sun yi yaushi da rana suka miƙe da safe, sun kama.

Wani abu kuma, tumatir da attarugu da tattasai da gauta dangin juna ne, cutarsu ɗaya. Kada a dasa ɗayansu inda ɗan'uwansa ya tashi bara. A sa albasa ko wake a wurin tukuna.

Masu Daɗewa

Kayan miya na wata uku ne ko huɗu, amma akwai waɗanda in an dasa sau ɗaya a kan ci shekara da shekaru. Zogale shi ne na gaba. Yana yi ta ƙwaya, yana yi ta reshe. Ƙwayarsa ta kan tsira cikin mako 1 zuwa 2, ta saki doguwar saiwa can ƙasa, shi ya sa na ƙwaya ya fi jure fari da iska. Na reshe ya fi saurin ba da ganye: a sari reshe mai tsawon kamu 2, mai kaurin ƙotar fartanya, a binne kashi ɗaya cikin uku da damina. Ko wanne aka bi, in ya kai ƙugun mutum a datse kansa don ya yi rassa, kada ya tafi sama inda hannu ba ya kai. Ganyensa yana da sinadarin da ke taimakon ido da ginin jikin yara. Shuwaka ma ta reshe a ke dasa ta, ta kan yi shinge ta kuma yi miya.

Ayabar da mu ke ci ba ta da ƙwayar shuka, 'ya'yan da ke fitowa a gindinta a ke cirewa. A zaɓi ɗan da ke da gindi mai kauri da siraran ganye masu tsini, a bar mai faffaɗan ganye da siririn gindi, ko da ya ke shi ya fi kyau a ido. A fere tsofaffin saiwoyin da wuƙa har farin ya bayyana, don a rabu da ƙwarin da ke ɓoye ciki. A haƙa rami ƙafa 2 zurfi da faɗi, a cika da taki, kusa da inda ruwan gida ke malala. Wajen shekara guda ta kan haihu, uwar ta mutu, a sare ta, ɗa ya gaje ta.

Dankali a kan yanki yaɗonsa kamar ƙafa guda a binne rabi a kunya, ya nuna cikin wata 3 zuwa 4. A nemi mai jan ciki saboda yara. Rogo a yanka karansa mai ido 5 zuwa 7, a lura kada a dasa shi kai ƙasa.

Dabino shi ne babban misalin maganarmu. Akwai namiji akwai mace, macen kaɗai ke haihuwa. In aka shuka ƙwallo, kimanin rabi maza za su fito, ba kuwa mai iya ganewa sai sun yi fure, bayan shekara 5 ko fiye. Matan ma ba lalle su yi zaƙin uwarsu ba, sai a wayi gari albasa ba ta yi halin ruwa ba. Amma ɗan da aka cire daga gindin mace mai kyau, mace ne, kuma halinta zai yi sak. Namiji ɗaya ya ishi mata wajen 40 zuwa 50 in ana yin barbara da hannu. A Dutse ta Jihar Jigawa akwai tashar Gwamnati ta binciken dabino.

Mangwaro da lemo a nemi masu aure, watau waɗanda aka ɗora reshen itace mai kyau bisa gindin wani mai ƙarfi. Mangwaro mai aure ya kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa ya kan kai 5 zuwa 8. Waɗannan ba su jure a tsiraita saiwarsu, a saye su cikin leda da ƙasarsu, a yage ledar a hankali, a dasa bayan damina ta zauna, wajen Yuni ko Yuli. Gaɓar auren ta tsaya sama da ƙasa, duk tohon da ya fito ƙarƙashinta a cire shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi reshen, a koma gidan jiya.

Gwanda ta ƙwaya a ke shuka ta, ita ma akwai maza a ciki. A bar tsiro 3 a kowane rami har su yi fure. Namiji furensa ƙanana ne a kan dogon sanda, na mace babba ne manne da jiki. A cire mazan, a bar ɗaya ga mata 10.

Shinge, Ruwa Da Gara

Kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya a fara yin darni. Akuya guda ta ishi aikin wata biyu cikin sa'a ɗaya, kaji kuma su tone fangalin reno. Wajen ruwa, na alwala da na wanke hatsi da na ɗauraye kwanuka duk suna da amfani, muddin ba su cika sabulu ko gishiri ba. Wata dabara ita ce a binne tulun ƙasa har wuya kusa da itacen, a riƙa cika shi a rufe, ruwan yana tsatsafowa a hankali zuwa saiwa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da gindi don laima ta daɗe, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara. Toka da ganyen darbejiya a gindi su kan taimaka wajen rage ta.

Wanda ya ga abin da ya shige masa duhu ya tambayi malamin gona na yankinsa. Tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, duk don wannan aiki aka yi su.

Shawararmu ga ma'aikata ita ce a fara da kaɗan. Fangali 2 da zogale 3 da ayaba ɗaya sun isa shekarar fari, abin da uwargida da yara za su iya shayarwa in maigida ya tafi rangadi. Malaman makaranta kuwa, muna roƙonsu su sa kowane yaro ya naɗe ƙwaya 10 cikin tsumma ya ƙirga waɗanda suka tsira, su kuma sa a cire dashe biyu, a bar ɗaya a rana sa'a guda, ɗaya a tsoma a laka, a dasa su jere da juna. Bayan kwana 3 yaran za su gani da idonsu, su kai labari gida.